Halayen Kayan Aiki: Ƙarfe, Ƙasa, Siminti, Itace da Roba

Ya kai mai karatu, duk abin da hannunka yake taɓawa tun daga asuba har dare, da wani abu aka yi shi. Randa da yumɓu aka gina ta. Ƙotar hauya itace ce, ruwanta kuwa ƙarfe. Wayar lantarki jan ƙarfe ne a ciki, roba a waje. Akwai fannin ilimi da yake binciken waɗannan kayayyaki, yana neman sanin halin kowane ɗaya da dalilin da ya sa yake da wannan hali. Shi ake kira ilimin kayan aiki. Injiniyoyi suna karanta shi a jami'a, amma maƙeri da magini da mai ginin tukwane sun daɗe suna aiki da shi. Kai ma kana bukatarsa ranar da za ka sayi kwanon rufi, ko ka ɗauki magini, ko ka zaɓi tukunyar da za a dafa wa iyalinka abinci. Kuskure a nan yana cin dukiya, wani lokaci har da rai.

Halin kaya

Idan muka ce abu yana da ƙarfi, sau da yawa mukan haɗa halaye dabam-dabam cikin kalma guda. Ya kamata mu rarrabe su.

Na farko shi ne ɗaukar nauyi. Iri biyu ne: akwai dannawa, akwai ja. Ginshiƙin ɗaki danna shi ake yi. Igiyar guga janta ake yi. Tubali yana jure dannawa, amma in aka ja shi sai ya rabu biyu. Igiya tana jure ja, amma ba ta iya tsayawa ta tallafi komai. Ka riƙe wannan bambanci da kyau, domin rabin sirrin gini yana cikinsa.

Na biyu shi ne tauri, wato ƙin yarda a karce abu ko a lotsa shi. Na uku kuwa juriya, wato shan duka ba tare da fashewa ba. Waɗannan biyu ba ɗaya ba ne. Fasasshiyar kwalba tana karce tukunyar alminiyam, domin ta fi ta tauri. Amma ka jefar da su duka biyu a kan dutse: tukunya za ta lotsa, kwalba ta tarwatse. Kwalba tana da gautsi. Abu mai gautsi ba ya gargaɗi, lokaci ɗaya yake karyewa. Abu mai miƙuwa kuwa, kamar jan ƙarfe, yana lanƙwasa tukuna, kowa ya gani, kafin ya tsinke. Shi ya sa masu aikin gada da manyan gine-gine suka fi son kayan da ke lanƙwasa kafin su karye, domin mutane su sami lokacin fita.

Sauran halaye ba su da wuyar ganewa. Akwai nauyi: lita guda ta ruwa kilo 1 ce, amma dunƙulen ƙarfe mai wannan girma ya kusa kilo 8, na alminiyam bai kai kilo 3 ba, na dalma kuwa ya wuce kilo 11. Akwai ɗaukar zafi: cokalin ƙarfe yana ƙona hannu a cikin miya, ludayin duma ba ya yi. Akwai ɗaukar lantarki. Akwai kuma yadda kaya suke jure ruwa da rana da gara da tsatsa.

Daga ina waɗannan halaye suke fitowa? Kowane abu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, ana kiransu ƙwayoyin zarra. Halin abu ya danganta ga irin ƙwayoyinsa da kuma yadda suka jeru suka riƙe juna. Ga misali mai ban mamaki. Baƙin cikin fensirin da kake koyon rubutu da shi, da dutsen daimon wanda yake yanka gilashi, ƙwayoyinsu iri ɗaya ne, wato kabon, sinadarin da ke cikin gawayi. A cikin fensir sun jeru falle-falle, suna zamewa bisa takarda. A cikin daimon kowace ƙwaya ta kama maƙwabtanta huɗu gam. Jeri kaɗai ya raba su.

Ƙarfe da sirrin maƙera

Aikin ƙarfe tsoho ne a ƙasarmu. A duwatsun Termit, gabashin Nijar, masu tonon tarihi sun sami alamun narkar da tama tun shekaru aru-aru kafin haihuwar Annabi Isa. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a Takedda, yankin Agadas, ya ba da labarin jan ƙarfen da ake haƙowa ana narkarwa a can. A ƙasar Adar ma maƙera sun daɗe suna fid da ƙarfe daga tama, kafin tarkacen motoci su yawaita.

Tsantsar ƙarfe yana da laushi. Abin da yake ba shi ƙarfi shi ne ɗan kabon da yake shiga cikinsa daga gawayi, kamar yadda ɗan gishiri yake canza miya. Ƙusa da rodin gini kabon ɗinsu kaɗan ne, bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa suke lanƙwasuwa. Ƙarfen sifirin na mota ya fi su kabon, saboda haka maƙera suke nemansa domin gatari da wuƙa da lauje. In kabon ya wuce kashi 2 cikin 100, an sami ƙarfen zubi, irin na jikin tsohon keken ɗinki da wasu sassan injin niƙa. Wannan yana da tauri, amma in ya faɗi ko ya sha guduma sai ya tsage. Kada ka bari yaro ya dake shi da niyyar gyara.

Yanzu ka lura da abin da maƙeri yake yi. Yana sa ƙarfe a wuta, ana zuga, har ya yi ja. Da zafi ƙwayoyin ƙarfe suna zamewa bisa juna cikin sauƙi, sai masaba ta ba shi siffar da ake so. In an gama, ya sake gasa bakin gatarin har ya yi jawur, wajen digiri 800. A daidai nan mayen ƙarfe yake daina kama shi, kuma wannan alama ce mai amfani ga mai koyo. Sai ya tsoma shi cikin ruwa ko mai. Sanyin gaggawa yana kulle kabon a inda yake, ƙwayoyin su takura, ƙarfen ya yi tauri ƙwarai. Amma ya yi gautsi kamar kwalba. Gatarin da aka bari haka, bakinsa zai ɓalle a saran farko na ƙirya.

Gwanin maƙeri ba ya tsayawa nan. Yana goge bakin ya yi haske, ya mai da shi kusa da wuta a hankali, yana duban launi. Da fari ya yi ruwan kara, wajen digiri 230; wannan ya dace da wuƙa da aska. In zafi ya ƙaru ya koma ja-ja mai duhu, na gatari ke nan. In ya kai shuɗi, wajen digiri 300, taurin ya ragu, juriya ta ƙaru, irin abin da sifirin yake bukata. Da launin da yake so ya bayyana, sai ya sanyaya shi. Ƙarfe ɗaya ne, wuta da ruwa suka ba shi hali uku. A ganina, maƙerin da ya iya wannan ya cancanci a biya shi fiye da wanda bai iya ba, ko da kayansu sun yi kama a ido. Kuma ka sani, rodin gini ba ya ɗaukar wannan tauri sosai, saboda ƙarancin kabon. Lauje na rodi zai dakushe da wuri, kome araharsa.

Ƙarfe yana gajiya. Ɗauki waya ka lanƙwasa ta gaba da baya: ba ka ja ta da ƙarfi ba, amma za ta karye. Haka yake faruwa ga ƙarfen amalanke da sandar famfon rijiya da keke. Ƙaramar tsaga tana farawa daga kusurwa, ko rami, ko wurin walda, tana ci kaɗan-kaɗan har ranar da za ta yanke. A 1954 jiragen sama biyu na Ingila, samfurin Comet, sun tarwatse a sama saboda irin wannan gajiya. Ka riƙa duban wuraren walda na amalankenka kafin ka ɗora kaya. Tsagar da aka gani yau, gyaranta mai sauƙi ne.

Babban maƙiyin ƙarfe shi ne tsatsa. Tana bukatar abu biyu tare, ruwa da iska. In ka hana ɗaya, ka hana ta. Fenti da mai suna yin wannan aiki. Kwanon rufi kuwa an lulluɓe shi da tutiya. Tutiya tana sadaukar da kanta: ita take fara cinyewa, ƙarfen da ke ƙarƙashi ya tsira. Kwano mai araha yakan zama siriri, tutiyarsa kaɗan ce, shi ya sa yake yin ja bayan damina kaɗan. Akwai kuma ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na wasu cokula da kayan likita. A 1913 Harry Brearley ya samo shi a birnin Shefil na Ingila. An haɗa shi da sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin 100.

Zafi yana miƙe ƙarfe, sanyi ya mai da shi. Sanda mai tsawon mita 10 tana ƙaruwa da kusan milimita 5 in zafinta ya hau da digiri 40. Wannan ne ƙarar da kake ji a rufin kwano da hantsi da kuma bayan faɗuwar rana. Shi ne kuma yake faɗaɗa ramin ƙusa a hankali har ruwa ya sami hanya.

Jan ƙarfe, alminiyam da dalma

Jan ƙarfe shi ne na wayar lantarki, domin wuta tana bi ta cikinsa ba wahala. A kasuwa akwai wayar jabu, wadda cikinta alminiyam ne ko ƙarfe, aka shafa mata jan ƙarfe a waje. Irin wannan tana zafi in an ɗora mata kaya, tana iya jawo gobara. Kankare bakin wayar da wuƙa: in ka ga fari a ciki, bar ta. In mayen ƙarfe ya kama ta, ita ma bar ta.

Alminiyam yana narkewa a digiri 660, ƙarfe kuwa sai ya wuce 1,500. Saboda haka ne masu zubin tukwane suke iya narkar da shi da wutar gawayi. Mutane sukan kira irin wannan tukunya tukunyar dalma, amma alminiyam ce. Dalma ta gaskiya wani ƙarfe ne dabam, mai nauyi da laushi, farce yana karce shi, yana cikin batirin mota. Guba ce. Tana taruwa a jiki, tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da ba ya cutarwa. A 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya sami dalma tana fita daga tukwanen da aka zuba da tarkace. In kai mai zubi ne, ka tsince tarkacenka, kada guntun batir ko abin da aka liƙe da dalma ya shiga. In ke uwar gida ce, kada ki bar abu mai tsami, kamar tsamiya ko yakuwa ko tumatir, ya kwana a cikin irin wannan tukunya, domin tsami yana jawo ƙarfe cikin abinci. Kuma kada a fasa batir ko a narkar da shi inda yara suke wasa.

Ƙasa

Ƙasar gini haɗi ce ta abu biyu. Rairayi shi ne ƙashi, yumɓu shi ne yake ɗaure shi. Yumɓu yana kumbura in ya sha ruwa, ya tsuke in ya bushe. In ya yi yawa, tubali ya tsattsage. In ya yi kaɗan, tubali ya marmashe. Ga gwaji mai sauƙi: zuba ƙasar cikin kwalba har rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai, ka ajiye. Rairayi zai kwanta cikin minti ɗaya, yumɓu kuwa sai ya kwana kafin ya kwanta a sama. Ƙasa mai kyau, yumɓunta wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne. Ciyawa da ƙaiƙayi da magina suke zubawa cikin kwaɓi suna riƙe tubali daga ja, su hana tsaga ci gaba.

Kada a raina ginin ƙasa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihi na duniya. Masallacin Yama, a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Katanga mai kauri tana shan zafin rana a hankali, sai dare ya yi ta sake shi, shi ya sa ɗakin soro ya fi na kwano sanyi da tsakar rana. Tun daga 1980 ƙungiyar Development Workshop ta koya wa magina a Nijar gini ba da itace ba. Ana yin rufi da tubali cikin siffar baka ko tulluwa. Wannan siffa tana mai da dukan nauyi ya zama dannawa, abin da ƙasa ta iya jurewa.

Raunin ƙasa guda ne, ruwa. A watan Satumba na 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina a ƙarni na 19, ya rushe. Gidajen ƙasa da yawa sun faɗi a wannan damina. Ruwa yana shiga ta wuri biyu, sama da gindi. Ka gyara indararo kafin damina, ya zubar da ruwa nesa da katanga. Ka ɗaga gindin gini da dutse ko tubalin siminti. Ka sabunta yaɓe. Magabata suna sa makuba ta ɗorawa domin ta kori ruwa. Abu ɗaya da nake gani kullum, ba na kuwa goyon bayansa, shi ne shafa siminti kai tsaye bisa katangar ƙasa. Halinsu ba ɗaya ba ne, ba su motsi tare. Simintin yana tsagewa, ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita, katanga ta jiƙe a ɓoye alhali fuskarta tana da kyau.

In aka gasa yumɓu fiye da digiri 600, ya canza har abada, ruwa ba ya sake narkar da shi. Wannan ne aikin masu ginin tukwane na Mirya da sauran wurare. Randa tana da ƙananan kafofi. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa a jikinta, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. In ka shafe ta da fenti, ka kashe wannan aiki.

Siminti da kankare

Ana yin siminti da dutsen farar ƙasa da yumɓu, a gasa su a wajen digiri 1,450, a niƙa. Irin wanda muke aiki da shi, Joseph Aspdin ya yi rajistarsa a Ingila a 1824. A Nijar akwai masana'antarsa a Malbaza, jihar Tawa, inda akwai wannan dutse.

Mutane da yawa suna zaton siminti bushewa yake yi. Shan ruwa yake yi. Ruwan yana haɗuwa da garin, su zama sabon dutse, kuma wannan aiki yana ɗaukar lokaci: sai kwana 28 kankare yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. In rana ko iskar hunturu ta busar da shi da wuri, aikin ya tsaya, ba kuwa ya dawowa yadda ya kamata. Saboda haka a shayar da sabon kankare da sabon bulo safe da yamma, aƙalla kwana 7, a rufe su da buhu ko tabarma. Amma wajen kwaɓi, yawan ruwa illa ne. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin zubawa, sai dai ruwan da ya yi saura yana barin kafofi, ƙarfi ya ragu. Ruwan kwaɓi ya zama mai tsabta, wanda ba shi da gishiri ko kanwa. Rairayi ma kada ya zama mai laka. Domin ginshiƙi da linta da dakali na sama, ma'aunin da aka saba shi ne kilo 350 na siminti, wato buhu 7, ga kowane mita kubik na kankare. Wanda ya rage buhu a nan, daga ƙarfin rufin da iyalinsa za su kwana ƙarƙashi ya rage.

Kankare yana jure dannawa ƙwarai, amma wajen ja ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Shi ya sa ake sa masa rodi. Allah ya sa ƙarfe da kankare suna miƙewa kusan daidai in sun sha zafi, saboda haka suna zama tare lafiya. Wurin da aka sa rodi yana da muhimmanci. Linta da ke bisa ƙofa tana lanƙwasa ƙasa, cikinta na ƙasa ne ake ja, can rodi ya fi amfani. Amma rumfar kankare da ta fito waje ba ginshiƙi, samanta ne ake ja, rodinta a sama yake. In magini ya juya wannan, rumfar tana iya faɗuwa ranar da aka cire katako. Kuma kankare ya rufe rodi da kaurin santimita 3. In rodi ya leƙo, zai yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta fasa kankaren daga ciki.

Itace da roba

Itace kamar damin kara yake, zaruruwa ne a jere. Yana da ƙarfi ta tsawonsa, yana tsagewa cikin sauƙi ta tsakanin zaruruwan, kowane mai faskare ya san haka. Azarar giginya tana daɗewa domin ɓangaren waje na kututturen yana da tauri, gara ba ta cinsa da sauƙi. Tsakiyar kuwa laushi gare ta. Giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, shi ya sa ake tsaron dazuzzukanta a yankin Gaya. Kowane itace ne, a bar shi ya bushe a inuwa kafin a yi ƙofa ko ƙota da shi, in ba haka ba zai tsuke ya karkace.

Roba da leda daga man fetur ake yin yawancinsu. Ba su da nauyi, ba su tsatsa, ba su ɗaukar lantarki. Rana ce take cinsu: bokiti ko bututun ruwa da aka bari a fili yana kodewa, ya yi gautsi, ya fashe. A binne bututu, ko a shafa masa fenti. Leda ba ta ruɓewa. Tana toshe magudanar ruwa, tana cika tumbin awaki da shanu har su rame su mutu. A 2014 Nijar ta kafa dokar hana yin irin siririyar ledar nan da shigo da ita da sayar da ita. Kada a hura wutar girki da leda, hayaƙinta yana cutar da ƙirji.

Roba tana kuma tsotse wasu magunguna ta riƙe su a jikinta. Jarkar da aka zuba maganin ƙwari a ciki ba ta sake zama ta ruwan sha ko ta man girki ko ta nono, ko an wanke ta da sabulu sau goma. A ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan ɗaurayar cikin injin feshi, a huda gindinta domin kada wani ya ɗauka, sa'an nan a tambayi malamin gona inda ake tara irinta.